Abin da Ake Nema ga Ɗalibin Labarin Ƙasa a Damagaram

A makarantun sakandare na Nijar, tare ake koyar da labarin ƙasa da tarihi, tun daga ajin farko na koleji har ajin ƙarshe na lise. Ɗalibin lise Amadu Kuran Daga da ke Damagaram zai ji labarin Amurka da Sin da Turai kafin ya fita. Haddar sunayen manyan birane kuwa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, ita ce kuma mafi saurin gushewa. Abin da malami ke nema shi ne yaro ya iya faɗin dalilin da ya sa abu yake inda yake.

Da taswira ake farawa. In aka ce ma'auninta ɗaya cikin miliyan ne, to santimita ɗaya a takarda kilomita 10 ce a ƙasa. Wanda ya iya wannan zai gano da kansa cewa Kano na da nisan kilomita kusan 240 daga Damagaram in an bi hanyar mota, Yamai kuma kusan 900. Daga nan ba sai an gaya masa abin da ya sa kasuwar garinsu ke fuskantar kudu ba.

Darasin ruwan sama ya fi kowane nauyi, a nan ne kuma ake gane wanda ya fahimta. Iska biyu ke karɓa-karɓa a kan Afirka ta Yamma: busasshiya daga arewa maso gabas, mai kawo hunturu, da mai laima daga tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa yana komawa kudu kowace shekara. Damagaram na kusa da digiri 14 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka mai laimar ba ta daɗe a kanta. Daga Yuni zuwa Satumba kawai ake damina, da ruwa wajen milimita 400. Magarya da ke kudu ta fi samu, Tanut da ke arewa ba ta kai haka ba. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya riga ya kama hanyar fahimtar daminar Indiya, domin can ma juyawar iska ce ke kawo ruwa daga teku.

Sai abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Manyan duwatsun da suka ƙawata unguwar Birni ta Damagaram ba sa riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake jawo ruwan sha daga nesa, daga Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwan nan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, bakin kogin Kwara, a 1926. Ƙurar hunturu ma darasi ce: da yawanta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, wata kuma har dajin Amazon take kaiwa.

Ana kuma so ɗalibi ya ga yadda hanya ke ɗaga gari ko ta kayar da shi. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma kan sauka a unguwar Zango, kaya na zuwa har daga Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya zuwa bakin teku, hanyar hamada ta mutu. Yau kuma ɗanyen man Agadem ne ke zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na Sin, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Babin Sin da ke cikin littafi, ashe, a bayan gari yake.

A ganina babbar matsala harshe ce. Ɗan manomin da ya san gawo na zubar da ganye da damina, gero na yin kyau a gindinsa, yakan yi shiru in aka tambaye shi da Faransanci. Malamin kirki yakan fara da abin da yaron ya sani daga gona, sannan ya ba shi kalmar littafi. Ranar jarrabawa dai da Faransancin za a miƙa masa jadawalin ruwan sama na watanni 12, a ce ya zana shi, ya faɗi irin yankin da ake samun haka, ya kuma kawo hujja.