Siririya ko kakkaura: Abin da naɗin taba ke sauyawa da wanda ba ya sauyawa

A Illela, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Birnin Ƙonni ta Nijar, taba na zuwa hannun mai saye ta fuska daban-daban. Akwai karan sigari a teburin mai shayi, akwai siririn kara da matasa ke yayi, akwai kuma garin taba da dattawa ke haɗawa da kanwa su dasa a leɓe. Ganyen ɗaya ne, amma ɗanɗanon ya sha bamban. Me ya sa?

Amsar ta fi fitowa fili a tabar siga ta ƙasar Kuba, wadda ake naɗe ta da ganye zalla, ba takarda. Masu naɗinta na auna kauri da kashi ɗaya cikin 64 na inci. Samfurin Robusto yakan kai inci 5 da kaurin 50, shi kuwa Lancero inci 7 da rabi da kaurin 38.

Kakkaurar ta fi cin wuta a hankali, hayaƙinta bai cika zafi ba, kuma tana ɗaukar ganye iri-iri a ciki. Siririyar tana saurin ɗaukar zafi, sai ɗanɗanon ganyen da aka naɗe bayanta ya rinjaya. Tsawo kuma na bai wa hayaƙin damar hucewa kafin ya kai baki.

Sai dai laushin hayaƙi ba ya rage illa. Babbar siga ɗaya na iya ɗauke da ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Sinadarin nikotin ɗinta na shiga jini ta fatar baki ko ba a zuƙa zuwa huhu ba, kamar dai yadda kanwa ke gaggauta shigarsa daga garin taba. Shi ya sa masu shanta ke cikin haɗarin sankarar baki da ta maƙogwaro. Siririn karan ma bai fi saura aminci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, duk da cewa har yau hakan ake yi a kan tebura da dama.