Dogon harsashi da sharaɗin da ke tattare da shi

A Amurka, maharba da masu gasar harbi kan haɗa harsasansu da hannu, kuma da yawansu sun fi son dogon kan harsashi domin iska ba ta cika karkatar da shi ba. Sai dai tsawon na buƙatar murɗin cikin bututun bindiga ya juya shi da sauri, in ba haka ba ya riƙa tuntsurawa a hanya. Dalilin ke nan da aka sauya murɗin M16 daga juyi ɗaya a inci 12 zuwa ɗaya a inci 7 a samfurin M16A2. Babban haɗarin yana cikin kwanso: idan kan ya nutse sosai, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hauhawa, bindiga na iya fashewa a hannun mai ita.