Ko Kun Sani? Takin Zamani Kaɗai Ba Ya Riƙe Gona

Gonar da aka daɗe ana zuba mata takin zamani zalla tana gajiya. A Samaru ta Zariya, tun 1950 masana ke gwada kashin shanu da takin zamani a filaye daban-daban. Inda aka dogara ga na zamani kaɗai, musamman mai nitirojin, ƙasa ta yi tsami, ruɓaɓɓen abin da ke riƙe mata danshi ya ragu. Inda aka haɗa biyun, yabanya ta ɗore.

Wani zai ce ai buhun yuriya guda, mai nitirojin kashi 46 cikin ɗari, ya fi mangaloli da yawa na taki ƙarfi. Haka ne, domin nitirojin ɗin kashin shanu bai cika wuce kashi 2 ba. Sai dai yuriya shukar damina ɗaya take ciyarwa, a jigawa ma ruwan sama kan wanke wani sashe. Takin gida kuwa ƙasar kanta yake gyarawa, har ta iya riƙe abin da aka saya da kuɗi. Da taki da toka da shara manoman kewayen Kano suka yi shekara da shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu. Manomi, kada ka bar gonarka da buhu kaɗai, kai mata taki tun da rani.