In Numfashi Ya Sarƙe: Maganin Kumburin Huhu

Maigida, ka san huhun rago, mai laushi kamar soso. Huhun mutum ma haka yake. A cikinsa akwai 'yan jakunkuna masu ɗimbin yawa, ta nan iska take shiga jini.

In ciwon haƙarƙari ya yi tsanani, huhu yakan kumbura, ruwa ya tsattsafo cikin jakunkunan nan. Sai mutum ya yi ta jan iska, amma ba ta isa jini. Wannan shi ke kisa.

Akwai magani mai kwantar da kumburin, ana ce da shi deksametason, masu kemis su ce deksa. Ba ya kashe ƙwayar cuta, kumburi kaɗai yake kwantarwa. A shekarar 2020 likitocin Ingila suka gwada shi a kan masu cutar korona da ke kwance a asibiti. Cikin waɗanda inji ke yi wa numfashi, mutuwa ta ragu da kashi 1 cikin 3. Cikin waɗanda ake ba iskar oksijin, ta ragu da kashi 1 cikin 5. Amma waɗanda numfashinsu bai sarƙe ba, bai amfane su da kome ba.

To, ka ga maganin nan na asibiti ne. Likita ke auna shi, kwanakinsa kuwa ƙidayayyu ne. Wanda ya saya ya yi ta sha don tari, ko don neman ƙiba, ya jawo wa kansa wahala. Yana raunana ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, yana tā da tarin fuka da ya kwanta, yana ƙara sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, kada ya bari farat ɗaya, sai likita ya rage masa kaɗan kaɗan.

Ga alamun da za ka lura da su:

1. Majiyyaci ba ya iya ƙarasa magana don haki.
2. Leɓe da harshe sun yi duhu.
3. Ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa in ya ja numfashi.

In ka ga ko ɗaya, kada ka jira gari ya waye. Ka zaunar da shi a jingine, ka buɗe taga, ka fitar da kaskon wuta daga ɗakin, sa'an nan ka nemi abin hawa zuwa asibiti. Ka tafi da duk maganin da ya sha, likita ya gani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.