Babur ɗin da ke tashi yau ya ƙi gobe: inda ake fara neman laifin

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babur ya samu sabon matsayi a gidajen ƙananan ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke zaune a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja. Wasu da shi suke isa ofis, wasu kuma aikinsu ne kai takardu daga wannan ma'aikata zuwa waccan. Ga irin waɗannan, babur ɗin da ya ƙi tashi da safe yana iya jawo takardar neman ba'asi daga maigida, domin ƙarfe 8 ake shiga aiki. Idan kuma a tsakiyar birni ya tsaya, abin ya fi muni, tunda an haramta acaɓa a cikin Abuja tun 2006, zamanin ministancin Nasir El-Rufa'i, don haka babu ɗan acaɓan da zai ruga ya ɗauko bakanike.

Babur ɗin da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani, domin laifinsa na nan zaune yana jiran mai dubawa. Mai wahalar shi ne wanda zai yi kwana uku lafiya lau, a na huɗu ya ƙi, a tura shi da gumi zuwa gareji, can kuma ya tashi da bugu ɗaya, kamar zazzaɓin da ke sakin mutum a ƙofar asibiti. A nan ne bakanike ke shiga lalube. Yau ya canza fulogi, jibi koyil, mako mai zuwa akwatin wuta na CDI, kuma kowane canji daga aljihun mutumin da mafi ƙarancin albashinsa a doka naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024.

Abin da ke tashi wani lokaci ya ƙi wani lokaci da wuya ya kasance ya ƙone gaba ɗaya. Yawanci wani abu ne ya saki, ko ya yi tsatsa, ko kuma zafi da sanyi da ruwa ke juya shi. Saboda haka shaidar farko tana hannun mai babur, kafin a ɗauko sifana: da wane lokaci yake ƙin tashi? Da sanyin asuba, ko bayan ya yi doguwar tafiya? Bayan ruwan sama, ko bayan an sha mai a wani wuri? Amsar waɗannan ita ce rabin aikin.

A babur mai maɓallin tayarwa, gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A kunna makulli, a danna maɓallin, a lura da fitilun gaban direba. Idan an ji ƙas-ƙas kuma fitilun suka dushe, batir ne ya yi rauni, ko kuma wayoyinsa ba su kama da kyau ba. Idan babu ƙara ko kaɗan kuma fitilun na nan garau, wutar ba ta ma isa wurin ba, sai a duba fiyus da maɓallin kansa, da ƙananan makunnan tsaro da wasu babura ke da su a jikin kuloci ko sandar jingine. Idan kuma kik ya tayar da shi nan take, to injin lafiyarsa ƙalau, kuma duk wanda ya ce a kwance kafireto yana neman abin a inda ba a yar da shi ba.

Kan batir ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan asarar kuɗi a banza. Hanyoyin cikin unguwannin bayan gari, da ramukansu da duwatsunsu, suna sassauta notin da ke riƙe waya, sannan wani farin gari ko kore ya taru a wurin. Wayar da ta saki za ta iya kunna fitila da oda, ta kasa ɗaukar wutar da injin tayarwa ke ja. Haka ma wayar da ke haɗa batir da ƙarfen jikin babur, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Goge wurin da samfefa da ɗaure noti sun ceci batira da dama da aka yanke wa hukuncin mutuwa. Mitar auna wuta kuma tana raba gardama: lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, idan injin na aiki kuma ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, babur ɗin ne ba ya cajin batirin, kuma sabon da za a saya ma haka zai ƙare.

Gidan makulli shi ma yana cinyewa, musamman ga mai rataya masa makullan gida da na ofis da na durowa. In an ɗan motsa makullin fitila ta ɗauke ta dawo, an kama ɓarawon.

Idan injin na juyawa amma bai kama ba, sai a koma ga tartsatsi da mai. Ana kwance fulogi, a mayar masa da hularsa, a ɗora shi a jikin ƙarfen injin nesa da ramin da ya fito da kuma duk inda mai ya zuba, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce, rawaya mai rauni kuwa akwai magana. Amma a yi gwajin a lokacin da babur ɗin ya ƙi, ba bayan ya huce ba. Koyil ɗin da ya fara tsagewa a ciki yana aiki da sanyi, ya ɗauke wuta in ya yi zafi, ya dawo bayan hutun minti 20 ko 30. Shi ya sa mai irin wannan babur ke fita gida lafiya, ya tsaya sayen wani abu a hanya, ya dawo ya tarar da shi ya ƙi. A damina kuma hular fulogin da ta tsage tana barin ruwa ya janye wutar.

Ta ɓangaren mai, akwai laifin da ke ba mutane mamaki saboda ƙanƙantarsa. Murfin tanki yana da wata 'yar kafar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe. In ta toshe, mai ya daina sauka, babur ya mutu bayan 'yan kilomitoci. Idan an buɗe murfin aka ji ya ja iska, sannan babur ya tashi, ba a buƙatar sayen komai. Ruwa kuma ya fi fetur nauyi, don haka yana kwanciya a gindin tanki da kwanon kafireto, yana shiga injin jefi-jefi. Akwai kusar zubarwa a ƙarƙashin kwanon. A tara abin da ya fito a kwalba mai haske, ruwan zai nuna kansa a ƙasa. Masu shan mai a galan a bakin titi sun fi haɗuwa da wannan, ko da yake gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar a farkon shekarar 2022 ta gidajen mai ya bi.

Wahalar tashi da sanyin safiya kaɗai, wadda cok ke magancewa, ba ciwo ba ce. In ta wuce haka, a wanke soson iska, a kuma sa a auna tazarar bawul, domin bawul ɗin da ya matse yana zubar da matsin injin.

Akwatin CDI ne ya kamata ya zo a ƙarshe, duk da cewa shi ake fara zargi a gareji. Kafin a biya kuɗinsa, mai babur na da damar neman a ɗauko na wani babur iri ɗaya mai lafiya a gwada, a lokacin da nasa ya ƙi tashi. Idan an canza kuma, ya karɓi tsohon ya ajiye, domin in matsalar ta dawo bayan kwana biyu, zai san cewa wanda aka cire lafiyarsa ƙalau.