Karayar Wuyan Hannu: Mako Shida A Cikin Filasta

Duk wanda ya tashi faɗuwa, tafin hannunsa yake miƙawa domin ya kare fuskarsa, kuma daga nan ne yawancin karayar wuyan hannu take samo asali. A ƙasashen Turai da Amurka, masu wasan zamiya da katako a kan ƙanƙara suna yawan samun wannan rauni. A nan Farin Dutse da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Gwaram ba mu da ƙanƙara, amma muna da babur, da santsin duwatsu a lokacin damina, da yaran da ke hawa bishiyar mangwaro. Tun a shekarar 1814 wani likita ɗan ƙasar Ayilan mai suna Abraham Colles ya yi bayanin irin wannan karaya, har likitoci suka laƙaba mata sunansa.

Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, gyaran ƙashin aikin wuni guda ne, amma zama da ɗaurin shi ne jarrabawar da mutanenmu da yawa suke faɗuwa. Filastar da ake naɗawa a asibiti, wadda wasu ke kira siminti, wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙirƙiro ta a wajajen 1852, kuma aikinta shi ne ta hana ƙashi motsi har ya haɗe, abin da kan ɗauki kimanin mako shida ga babban mutum.

Ni kaina na yi wannan zama bayan babur ya kayar da ni, kuma hannun dama ne. Na koyi cin tuwo da cokali a hannun hagu, ɗaura maɓallin riga ya koma aikin uwargida, sa hannu a takardun ofis kuwa sai a hankali. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sauƙaƙa mana batun alwala, domin shafa a kan ɗaurin ta wadatar. Wajen wanka, sai a rufe hannun da leda, saboda ruwa yana lalata filasta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaiƙayi a lokacin zafi, kuma likita ya gargaɗe ni kada in kuskura in zura tsinke ko biro a ciki, domin ƙaramin ƙwarzane yakan zama gyambon da ba a gani.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, ko ciwon ya ƙi jin magani, to ɗaurin ya matse jijiyoyin jini, kuma cikin 'yan sa'o'i naman hannun yana iya mutuwa. Wannan haɗari ya fi yawa a ɗorin gargajiya, inda ake ɗaure kara da tsumma tam ba tare da an ɗauki hoton ƙashi ba. Ba na raina masu ɗori, sun yi wa al'umma hidima tun kafin zuwan asibiti. Sai dai a yau muna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da aka buɗe tun 1959. Bai kamata yaro ya rasa hannu a kan karayar da filasta za ta warkar ba.

Matsala ta biyu ita ce gaggawa. Manomi yana ganin ciyawa na cinye masa gona, sai ya jiƙa filastar ya kwance ta a mako na uku saboda ciwo ya lafa, alhali lafawar ciwo ba ita ce haɗewar ƙashi ba. Ƙarshenta hannun ya haɗe a karkace, ya kasa riƙe fartanya yadda ya saba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Saboda haka ina kira ga 'yan boko irinmu, waɗanda ake tuntuɓa a ƙauye idan abu ya faru, mu kai wanda ya karye a ɗauki hoto tukuna, mu tuna masa ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji yana motsa yatsunsa, sannan mu haɗa masa gayya a gona domin kada talauci ya sa shi cire ɗaurin kafin lokaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.