Bindiga a aljihu ba laya ba ce

Kwanakin baya ina zaune a wata fadar matasa a unguwar Zango a nan Damagaram, ana dafa shayi, sai wani saurayi ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna mana gindin ƙaramar bindiga soke a ƙugunsa. Ya ce da ni, "Baba, zamanin nan wanda bai riƙe wannan ba, nama ne." Yaran suka kewaye shi ana ta musu: wacce ta fi sauƙin ɓoyewa, wacce ta fi cin harsashi? Ban ji ko ɗaya ya tambayi takardar izini ba. Na gaji da jin wannan zance, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka malalo daga Libiya, kuma da gwamnan Zamfara ya ce wa jama'arsa su nemi bindiga a 2022, maganar ta tsallako iyaka har Damagaram. Talauci da zaman banza su ma sun taimaka.

Babban kuskuren shi ne zaton bindiga na tsare mai ita. Ɗan fashi ba ya sallama. Shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi wuri, yatsarsa na kan kunama tun kafin ka gan shi. Kai kuwa kana bisa babur, hannu biyu riƙe da kansa, ko kana barci. Kafin ka laluba ƙugu an gama. In ya ga ka kai hannu, wanda ya zo ƙwace waya sai ya tafi da rai, ya haɗa da bindigar. To, wa ka saya wa?

Sannan bindigar nan kwana take a gida, ba a hanyar Tanut ba. Tana ƙarƙashin matashin kai inda yaro ɗan shekara shida ke wasa. Tana nan ranar da kuka yi cacar baki da maƙwabci kan kwata, tana nan ranar rabon gado. Faɗan da a da yake ƙarewa da mari da sulhun mai unguwa, yanzu sai ya ƙare da likkafani. Ta ƙirar gida kuwa, wadda aka haɗa da bututun ƙarfe, tana iya fashewa a hannun mai harbin.

Wasu na cewa ai Damagaram garin bindiga ne tun kaka da kakanni. Gaskiya ne Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, aka ƙera igwa aka haɗa albarushi a nan garin. Amma makaman na fada ne, suna hannun dakarun sarki ƙarƙashin umarni. Ba kowane mai tebur a kasuwa ke yawo da tasa ba. Mu tuna kuma a shekarar 2000 a Agadas, bayan tawaye, tara makamai aka yi aka cinna musu wuta. Waɗanda suka ɗanɗana yaƙi ne suka yi haka.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. A Nijar riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan kaso. Wanda aikinsa ya tilasta masa, ya bi ta Ma'aikatar Cikin Gida, ya koyi sarrafa ta a hannun ƙwararre. Ya ajiye ta a akwati mai makulli, harsashi a wani wuri daban. Kada ya nuna ta ga kowa ko da wasa, ko ya tabbata ba kome ciki. A bar harbin iska a wurin biki. Harsashin da ya hau sama sai ya sauko. Mai bindiga a ɓoye ya miƙa ta ga jandarma ko hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka kafa tun 1994. Ɗan kasuwa ya daina ɗaure kuɗi a ƙugu in zai je Magarya ko Matamai, ya aika ta kamfanin Nita ko Amana. A guji tafiyar dare. A gyara ƙyaure, a sa fitila a lungu, maƙwabta su riƙe lambobin juna, in abu ya taso a kira 'yan sanda a 17.

Saurayin nan da zai tashi, sai da ya sake gyara riga sau biyu, yana waige-waige. Mu da ba mu riƙe kome ba muka zauna muka shanye shayinmu na uku.